Wanda Ya Yi wa Gwaza Wanka

Ƙanena Lukis ya dawo daga Landan wata ranar Talata a watan Oktoba, bayan shekara arba'in da uku, da akwati biyu da hular Turawa da ciwon gwiwa. Matarsa ta rasu a can, 'yarsa Antula ta yi aure a can, shi kuma ya gama ƙona ƙuruciyarsa yana guga a wata masana'antar ɗinki. Ya ce zai gwada zama na shekara guda. In garin ya karɓe shi, ya zauna. In bai karɓe shi ba, Antula ta ce ɗakinsa na nan da gado a shimfiɗe. Na ce masa ya yi yadda ya ga dama, ai ba ni na kira shi ba. Ƙarya nake yi. Mijina ya mutu, 'ya'yana suna birnin Nikosiya ba sa tunawa da ni sai lokacin tonon gwaza ya yi, kuma tun ranar da na ga an buɗe tagar gidan iyayenmu da ke jikin katangata na fara jin ɗanɗanon abinci. Ko kaɗan ban so ya koma ba, sai dai ni ba mai faɗar irin wannan magana ba ce.

Matsalar tana shagon gahawa na dandali, inda mazan garin suke kashe wuni da karta. A can kowa yana da sunan tsokana. Akwai Rabin-Kofi, wanda tun yana saurayi bai taɓa shan gahawarsa shi kaɗai ba, sai ya jira wani ya rage. Akwai Jirgi, wanda ya yi bankwana da duk gari zai tafi Ostireliya shekara hamsin da suka wuce, har yau yana nan kan kujerarsa. Babbansu Kakullis ana ce masa Taliya, tun ranar da ya faɗa cikin tukunyar taliyar biki da ƙafa ɗaya. Ba kai kake zaɓar sunan ba, kuma ba ya daɗi. Abin kunya za ka yi a gaban mutane, su yi dariya har su gaji, sannan su liƙa maka shi, daga ranar ka zama nasu. Lukis ya bar gari yana ɗan ashirin da biyu, kafin ya samu damar yin abin kunyarsa.

Saboda haka da ya shiga shagon sai su miƙe. Su ba shi kujera mai katifa ta bakin ƙofa, wadda ake ajiye wa fada, limamin cocinmu, da likitan dabbobi.

"Yallaɓai Lukis, sannu da zuwa. Ya labarin Landan?"

"Wane Yallaɓai kuma? Kai Jirgi, ba tare muka saci kankanar fada ba?"

"An yi haka, Yallaɓai? To, ikon Allah. Ƙuruciya ke nan."

In ya ce a ba shi hannu a karta, sai su ce a'a, wasansu na ƙauyawa ne, kada ya ɓata rigarsa. Sai ya dawo gida fuska a ɗaure, in na tambaye shi me ya faru ya ce ba komai, mutanen kirki ne. Yadda yake furta "mutanen kirki" ɗin ne yake sosa min rai.

Da Maris ya kama, lokacin shuka, na ga ya fara haƙa tsakar gidansa. Na san iri yake nema, na kuma san gara ya mutu da ya roƙe ni. Gidanmu kuwa gidan gwaza ne tun kakanni. Duk jar ƙasar nan ta gabashin Kubrus an san gwazar mahaifinmu Hambis, kuma bayan ya rasu ni na riƙe gonar, ba wani namiji ba. Sai na cika rabin buhu na jefa masa ta katanga.

"Ya yi min yawa. In ba ka so, awaki za su ci."

"Awaki ba sa cin ɗanyar gwaza, Yaya."

"To kai ka ci."

Bayan kwana uku na leƙa, sai da na dafe katanga. Mu a kunya muke shuka gwaza, layi-layi, ruwa na bin tsakani. Shi ɗan'uwana da'ira ya zana a kewaye da famfo, ya jera duwatsu ya shafa musu farar ƙasa, ya dasa gwazar a ciki, har da benci a gefe.

"Wannan kuma kabarin wa?"

"Lambu ne. Ke ba ki san a Landan mutane na sa gwaza a tukunya don ado ba? Ganyenta suke kallo."

"Kallo? Su ci me?"

"Ba komai ake ci ba, Yaya."

"Haka ne. Shi ya sa ka dawo a bushe."

Bai tsaya nan ba. Ya fito da wata ambulan daga aljihu, ya zazzage wasu ƙananan iri baƙaƙe ya watsa a tsakanin gwazar. Ya ce wata tsohuwa maƙwabciyarsa ce ta ba shi, furen yana son inuwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, gwaza za ta yi masa laima su sha ruwa tare. Na tambayi sunansa. Ya kau da kai ya ce, "Kar-ka-taɓa-ni." Na yi dariya har na zauna a kan bokiti, domin haka mahaifiyarmu take kiransa yana yaro, saboda ko kallonsa ka yi sosai sai ya fashe da kuka. Ya juya ya shige ɗaki, ya bar ni da dariyata.

Gaskiya ɗaya ce, lambun ya yi kyau, ko da yake ban faɗa masa ba. Kafin watan Yuli ganyen gwazar ya kai kafaɗarsa, raɓa na taruwa a tsakiyar kowane ganye tana yawo ba ta jiƙa shi. A ƙarƙashi furen ya fito da kara mai ruwa-ruwa, har kana iya hango haske ta cikinsa, da furanni ruwan hoda da ja suna reto. Daga baya ya yi 'ya'ya kamar ƙananan kuɓewa, da ka taɓa ɗaya sai ya fashe ya nannaɗe, iri ya watse ko'ina. Lukis yakan zauna a bencinsa da jarida, sanye da taye, a zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Maza in sun wuce sukan cire hula su ce, "Yallaɓai, lambu ya yi kyau," sai sun sha kwana su riƙe ciki.

Duk mai aikin gwaza ya san ƙaiƙayinta. Shekara sittin ina fama da shi, na gwada ruwan tsami, na gwada gishiri, na gwada man zaitun, na gwada zagi. A ƙarshen Agusta na fara tonon farko, na dawo hannuwana ja wur har gwiwar hannu, ina susa da bayan cokali. Lukis ya leƙo ta katanga.

"Ki karya karan furen nan ki matse ruwan a wurin. Yana kashe ƙaiƙayi."

"Wa ya ce?"

"Tsohuwar da ta ba ni."

"Baturiya za ta koya min maganin gwaza? Allah ya sawwaƙe."

Da rana ta raba, lokacin da duk garin yake barci, na ji munsharinsa, na zagaya ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu na karyo kara uku. 'Ya'yan suka yi ta fashewa a jikina, iri ya shiga gashina da aljihun rigata da cikin takalmi. Na murje karan a hannu. Kafin in gama wanke kofi biyu ƙaiƙayin ya lafa. Haushi ya kama ni ƙwarai, amma washegari na koma, da jibi, da duk ranar da na yi tono. Abin da ban lissafa ba shi ne irin da ke zubewa daga jikina. Bayan mako biyu sai ga ƙananan tsiro sun jeru tun daga ƙaramar ƙofa, sun bi gefen magudanar ruwa har bakin madafina.

Ya tsaya yana kallonsu, hannu a baya.

"Yaya, iska ta yi miki shuka."

"Iska ce."

"Iskar nan ta san hanyar madafinki sosai."

"Ka kula da gidanka, in kula da nawa."

Ran nan na ga ya yi murmushi na gaske, irin na lokacin da yake yaro. Na ce a raina an kusa, yaron nan zai zauna.

Amma Satumba ta yi nisa, shekarar ta kusa cika, Antula kuma tana bugo waya duk bayan kwana biyu. Ina jinsa ta katanga yana cewa, "Lafiya lau, suna girmama ni sosai," da muryar mai ba da labarin rasuwa. Sai ya yanke shawara. Ya je shagon gahawa ya gayyaci Kakullis da Jirgi da Rabin-Kofi da mai shagon, su zo ranar Lahadi bayan coci su ci gwaza da zakara, gwazar lambunsa, girkin hannunsa.

"Kawo in dafa maka," na ce.

"Ni zan dafa."

"Ka taɓa dafa gwaza?"

"Shekara shida ina dafa wa kaina abinci tun da matata Eleni ta rasu. Dankali ne dai babba, me zai gagara?"

Dankali babba! A gidan Hambis! Na haɗiye maganar da ta zo bakina, na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ko yarinyar da ba ta kai tsayin tebur ba a garinmu ta san abu biyu. Na ɗaya, ba a wanke gwaza. Ferewa ake yi, a goge da busasshen tsumma, domin da ta ji ruwa sai ta saki yauƙi. Na biyu, ba a yanka ta. Soka bakin wuƙa ake yi, a murɗa hannu, ta ɓantare da kanta ka ji ƙas. Ɓantararriya tana tsayawa a tukunya ta sha miya. Yankakkiya narkewa take yi. Ba wanda ya koya mana wannan da baki, a gefen iyayenmu mata muka gani. Lukis kuwa lokacin da ake wannan aiki yana waje yana ƙwallo, sai an gama a kira shi ya ci.

Asabar da yamma ya tone rabin da'irarsa. Gwazar ta yi kyau, iri na gari ba ya ƙarya. Ya fere ta, ya jawo bahon wanki ya cika da ruwa, ya zuba ta ciki, ya ɗauko burushi. Burushi, da idona na gani! Ya dirje kowace ɗaya kamar mai yi wa jariri wanka, ya sake ruwa, ya sake dirjewa, sannan ya bar ta a jiƙe ta kwana don ta yi tsabta sosai. Da safe ya shimfiɗa katako ya yanka ta murabba'i-murabba'i, duk girmansu ɗaya, har yana gwada wannan da wancan. Hannayensa sun kumbura da ƙaiƙayi, ya karya furensa ya shafa, ya ci gaba yana fito. Sau uku na buɗe baki sau uku na rufe. In na yi magana zai ce na raina shi. Ya soya zakara, ya zuba ganyen seleri da albasa da tumatir, ya juye gwazar, ya rage wuta, ya ɗaura taye.

"Ba za ki coci ba?" in ji shi ta katanga.

"Kaina ke ciwo."

Yana fita na zagaya. Na ɗaga murfin na sa cokali, da na ɗago sai abin ya biyo shi bai tsinke ba. Babu gwaza a ciki ko guda, sai wani farin kunu mai santsi da zakara ya nutse a tsakiya. Na tsaya ina kallo. Na hango maza huɗu suna dariya a tsakar gidan da mahaifinmu ya gina. Na hango labarin yana yawo ƙauye-ƙauye, ɗan Hambis bai iya taɓa gwaza ba. Na hango Lukis yana haɗa akwati. Ban yi tunanin komai bayan wannan ba, kuma ni da aka haifa a garin nan, na tsufa a cikinsa, bai kamata a ce tunanina ya tsaya nan ba.

Mahaifiyarmu ta bar tukwane biyu iri ɗaya, ɗaya a wurina ɗaya a gidansa. Na yanka zakarana, wanda nake ajiye wa bikin Kirsimeti. Na fere gwazata na goge na ɓantara, na soya ta har ta yi ja, na haɗa miya, na matse lemon tsami a ƙarshe. Fada yana da dogon wa'azi, ran nan kaɗai na gode masa. Kafin ƙararrawar tashi na ɗora tukunyata a kan murhun Lukis, na ɗauke tasa na tura can ƙasan firjina, don abinci dai ba a zubar da shi. Na koma na laɓe a bayan furen yasmin da ke kan katanga, ina jin kaina kamar wata waliyyiya.

Suka shigo su huɗu, fuskokinsu na sheƙi. Jirgi sai zungurar Rabin-Kofi yake yi da gwiwar hannu. Na ɗauka yunwa ce. Suka zauna a gaban ragowar da'irar, Lukis ya fito da tukunya riƙe da tsumma, ya ajiye, ya ce, "Ku yi haƙuri da girkin gwauro," ya ɗaga murfi.

Ƙamshi ya tashi. Jirgi ya daina zungurar Rabin-Kofi.

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Hannuna bai san yanka ba. Kowane yanki a tukunyar nan a ɓantare yake, mai kusurwa, babu biyu masu kama da juna. Lukis ya kalli tukunyar ya daɗe. Ya ɗago ya kalli katanga, daidai inda nake, sannan ya ɗauki ludayi ya fara zubawa.

Kakullis ya kai loma. Ya tauna a hankali, ya goge gashin baki.

"Yallaɓai Lukis, hannunka ya faɗa. Madalla."

"Madalla, Yallaɓai," in ji sauran.

Suka ci cikin ladabi, kamar a gidan makoki. Ba wanda ya nemi ƙari sai Rabin-Kofi, shi ma da aka harare shi ya fasa. Suka yi zancen ruwan sama, suka yi godiya, suka gaishe shi da hannu bibbiyu, suka tafi tun gahawa ba ta huce ba. Na ce a raina ko ba komai an fita kunya.

Da la'asar ya kawo min tukunyar a wanke tas.

"Na gode, Yaya," ya ce, da irin muryar da suke ce masa Yallaɓai.

Litinin da safe na ga akwatunansa biyu a buɗe a tsakar gida, an shanya su a rana don warin daɗewa ya fita. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na kasa gane inda na kuskure. Na rufa masa asiri, na yanka zakarana, me kuma ake so?

Talata na haɗu da Kakullis a ƙofar gidan burodi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ke Mirofora, wa ya aike ki?"

"Aike ni ina?"

"Kar ki raina min hankali. Shekara hamsin ina cin gwazarki a bukukuwa, zan kasa gane ɓantararki? Tun Asabar matata Firoso ta hango shi daga saman soro yana yi wa gwaza wanka da burushi. Kafin ta sauko labari ya kai dandali. Jirgi ko karin kumallo bai yi ba ran Lahadi, wai don ya bar wa dariya wuri. Har suna mun zaɓa masa, an yi gardama a kai, an tsayar."

"Suna?"

"Shekara guda muna jira mutumin nan ya yi wani abu. Ba ya tuntuɓe, ba ya kuskure, ko gahawa ba ya zubarwa a riga. Ta ina za mu kama shi? Sai ga shi Allah ya kawo, ya yi wa gwaza wanka a gidan Hambis. Kin san irin wannan sai a shekara ashirin ba a samu ba? Kika zo kika ɓata."

"To me ya hana ku yi dariyar musanyar? Ai ita ma abin dariya ce."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo.

"Mu yi wa mutum dariya don yayarsa ta ɓoye masa aibu? Dattijo ɗan shekara sittin da biyar? Wannan ai abin tausayi ne, Mirofora. Mu kuwa ba ma tausaya wa namu, sai baƙo."

Ya sa burodinsa a hammata ya wuce. Ni ma na juya gida ban sayi nawa ba.

Na daɗe a gaban firjin kafin in buɗe. Na san Lukis. Na san abin da zai yafe da abin da ba zai yafe ba. Amma ta taga ina hango akwatunan, ɗaya har an fara jera riguna a ciki. Na durƙusa na jawo tukunyar, kwananta biyu, ta daskare ta ƙara muni. Na ɗora ta a wuta ta ɗan yi ɗumi don yauƙin ya farfaɗo, na naɗe ta da tsumma, na ɗaura ɗankwalina na zuwa coci.

Tun da aka gina shagon nan mace ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba, sai dai ta tsaya a waje ta kira mijinta. Na shiga kai tsaye. Lukis na zaune a kujera mai katifa, da taye, ya zo yin sallama. Na wuce shi na dire tukunyar a tsakiyar teburin karta, a kan kartar ma.

"Ga abin da ƙanena ya dafa muku ran Lahadi. Wanda kuka ci nawa ne, sata na yi na musanya. Wannan shi ne nasa, ya wanke ta sau biyu da burushi, ya jiƙa ta ta kwana, ya yanka ta kamar sukari. Ku ci haƙƙinku."

Ba wanda ya motsa. Na ji Lukis ya ce "Yaya" a hankali, ban waiwaya ba.

Rabin-Kofi ne ya fara, shi da ba ya iya ganin abinci ya ƙyale. Ya ɗaga murfin, ya sa cokalin gahawa, ya ɗago. Abin ya biyo shi. Ya ƙara ɗagawa, ya biyo shi. Ya miƙe tsaye, hannu a sama, zaren yauƙin bai tsinke ba. Ya hau kujera.

Jirgi ne ya fara fashewa, da wata ƙara kamar an taka agwagwa. Daga nan shagon ya rikice. Mai shago ya kifa kai a kan teburin sayarwa yana dukan sa da hannu. Kakullis hawaye yake yi, yana nuna zaren, ya kasa magana. Wani ya ce a kira masu gyaran titi su zo su ɗebi kwalta, wani ya ce a'a, a kai wa fada ya liƙe rufin coci.

Lukis ya miƙe, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya fizge tayen ya jefar.

"Ku yi min shiru, tsofaffin banza! Kai Jirgi, kai da ko tashar mota ba ka taɓa wucewa ba, kai ne za ka yi min dariya? Kai kuma, maroƙin gahawa, sauko daga kujerar nan kafin ka karya ƙugu a ce mu za mu yi jinya! Taliya, rufe bakin nan, haƙori uku ne a ciki, duk gari ya gani!"

Da harshen ƙauyenmu ya faɗe su, tsantsa, irin wanda rabona da jinsa tun mahaifinmu yana faɗa da injin ban ruwa. Duk Landan ɗin ta zube daga bakinsa. Su kuwa kamar ana ƙara musu wuta, kowane zagi sai sun tafa.

Kakullis ya share hawaye, ya tura wata karyayyar kujerar katako da ƙafa zuwa bakin tebur.

"Ya isa haka. Zauna, Mai-Wanka, kai ne da rabon karta. Ka wanke hannu tukuna, mun san kana so."

Aka sake fashewa. Lukis ya tsaya yana huci. Ya kalli kujerar, ya kalle su, sannan ya juyo gare ni. Na yi zaton zan ga ko ɗan sassauci a idonsa. Babu.

"Ke kuma, Mirofora, ɗauki tukunyarki ki fita."

Bai taɓa kiran sunana ba tun da ya iya magana. Na ɗauki tukunyar na fita. Ina sauka daga matakala na ji ƙarar jan kujera, da muryarsa yana cewa wa ya lanƙwasa wannan kartar, ɓarayi kawai.

Akwatunan sun koma saman kabad. Antula ta bugo min waya tana tambaya me na yi wa babanta da ya ce ba zai dawo ba, na ce ta tambaye shi. Wata bakwai ke nan, kuma maganar shagon nan ita ce ta ƙarshe da ya yi min. In mun haɗu a hanya sai ya duba agogo. Ya sa an toshe ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu da bulo. Firoso ta ce ya gaya wa mijinta cewa su maza ba ya riƙe su da komai, aikinsu suka yi, amma wadda ta kunyata shi sau biyu a mako guda, sau ɗaya a ɓoye sau ɗaya a dandali, ba shi da abin ce mata. Ban ga laifinsa ba. Kullum da hantsi yana wucewa ta ƙofata zuwa dandali, ba taye, kuma tun daga nan nake jin ihunsu idan ya isa.

Da sassafe nakan ji shi a bayan katanga yana tari, yana jan ƙafar nan mai ciwo zuwa famfo. Sai in tsaya da kofina a hannu har ya gama. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, wani lokaci har gahawar ta huce ban sha ba. Amma tarin a nan yake, ba a Landan ba.